Wa ke da ikon cewa "a dakata" a asibiti?

Dakta Sa'idu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ke ta yawo a tarukan lafiya, cewa asibitoci su koyi yadda ake tafiyar da wuraren da kuskure ɗaya ke iya hallaka jama'a amma ba kasafai ake samun kuskuren ba: jiragen sama, tashoshin wutar nukiliya, da manyan jiragen ruwan yaƙi da jiragen sama ke sauka da tashi a kansu. Mu da ke cikin aikin ba mu cika zama mun tauna ta ba, sai dai a kira mu bita a raba mana takardu. Shi ya sa na kawo ta nan.

A shekarun 1980 ne wasu masu bincike na jami'ar Kalifoniya, Todd La Porte da Gene Rochlin da Karlene Roberts, suka shiga irin waɗannan wurare don su ga sirrin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina cikin abin da suka gani shi ne na jirgin ruwan yaƙi. Gidan soja ne, ba inda aka fi girmama muƙami, amma ƙaramin ma'aikacin da ke kan dandalin tashi, in ya hango abin da zai jawo haɗari, yana da ikon tsayar da saukar jirgi nan take, kuma ba a hukunta shi ko da daga baya an ga ba komai. Daga bisani Karl Weick da Kathleen Sutcliffe suka tattara halayen irin waɗannan ma'aikatu gida 5. Waɗanda suka fi shafar mu a ganina: ƙaramar mishkila suna ɗaukar ta alamar babba, ba sa gamsuwa da bayani mai sauƙi irin "ai wance ce ba ta kula ba", kuma idan al'amari ya rikice magana tana komawa hannun wanda ya fi sanin abin a wannan lokacin, komai ƙanƙantar muƙaminsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki kusan majinyaci 1 cikin 10 na cutuwa a hannun masu kula da shi a asibiti, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kuma ana samun irin wannan cutarwa kusan sau miliyan 134 a shekara, da mutuwar kusan mutum miliyan 2.6. To, wannan tsari zai yi aiki a asibiti, ko ado ne kawai?

Dakta Kabir:
Wa alaikumus salam. Sa'idu, ka san ra'ayina tun ba yau ba. Majinyaci ba jirgi ba ne. Matuƙi in ya ga injinsa na tari ba ya tashi, ni kuwa mai tarin ake turo mini, da tsakar dare, ciki cike da jini, ba tarihi ba ɗan uwa. Jirage samfuri ɗaya duk gininsu ɗaya, amma ka buɗe ciki goma ka ga jijiya goma kowace da hanyarta.

Kuma tunda alƙaluma ka kawo, ga nawa. A Ontariyo ta Kanada an wajabta wa asibitoci takardar tantancewa ta tiyata, wato jerin abubuwan da ake dubawa ɗaya bayan ɗaya a kowace tiyata. Da aka duba asibitoci 101, sakamakon ya fito a 2014, ba a ga wani sauyin a zo a gani ba a mutuwa ko a matsalolin bayan tiyata. An dai ƙara mana takarda.

Dakta Sa'idu:
Yallaɓai, na san binciken, kuma gaskiya ne. Amma ka ɗora shi kusa da na 2009. Takardar nan ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai abubuwa 19, da aka gwada ta a asibitoci 8, daga Landan da Toronto har Ifakara ta Tanzaniya, mutuwa ta sauka daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8, matsaloli daga kashi 11 zuwa 7. Takarda iri ɗaya, sakamako biyu. A guda an zauna da ma'aikata an koya musu, ana bibiya, a ɗayan kuma doka ce ta sauko daga sama.

Sista Hauwa:
Bari in gaya muku yadda ake cika takardar nan in doka ce ta sauko daga sama, tunda hannunmu take bi. Ya kamata a tsaya sau uku: kafin a sa barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fita da majinyaci. A na biyun kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar wannan ne mutumin, wannan ne ɓangaren, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da ta wuce. A aikace kuwa, kina ɗaga takardar likita ya riga ya miƙa hannu yana jiran wuƙa. Kin fara karantawa yana cewa "eh, eh, duk an yi". Ana gamawa sai ki koma gefe ki bi akwatunan ki tsattsaga musu alama daga sama har ƙasa, ki sa hannu. Idan masu duba fayil suka zo, kashi 100 cikin 100 ne.

Ba da Dakta Kabir nake ba, ban taɓa aiki da shi ba.

Dakta Kabir:
Na gode da wannan kariya, Sista. 😄

Injiniya Auwal:
Ni baƙo ne a cikinku, gyaran jirage na yi, matata ce ma'aikaciyar jinya ta jawo ni nan. Dakta Kabir ya yi gaskiya cewa jiki ba inji ba ne. Amma abin da muka gyara a harkarmu ba inji ba ne shi ma.

Ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu samfurin Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerif, mutum 583 suka mutu. Lafiyar jiragen ƙalau. Hazo ne ya rufe filin, kyaftin ɗin KLM ya fara gudu alhali ba a ba shi izinin tashi ba. Injiniyan da ke zaune bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa eh, shi ke nan bai sake magana ba. Kyaftin ɗin nan shi ne babban mai horar da matuƙan 747 a kamfanin. Wa zai ja da shi?

Bayan wannan da wasu haɗurran aka fara horar da ma'aikatan jirgi yadda na ƙasa zai yi magana da yadda na sama zai saurara. Ba wa'azi ake musu ba, a na'urar kwaikwayon tuƙi ake saka su, a jefa musu matsala, a ɗauki muryarsu, a dawo a kunna musu su ji da kunnensu. Kuma ana maimaitawa muddin mutum yana aiki.

Abu na biyu, tun 1976 a Amurka akwai inda matuƙi ko makaniki zai kai rahoton kuskuren da ya auna arziki, a ɓoye sunansa. Hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ce ke karɓa, ba hukumar da ke ba da lasisi tana ƙwacewa ba. Da gangan aka raba su.

Dakta Sa'idu:
Injiniya, Allah ya saka. Muna da namu Tenerif ɗin, kuma a fannina ya faru. A 2005 a Ingila, wata mata mai suna Elaine Bromiley, 'yar shekara 37, ta shiga ƙaramar tiyatar hanci. Bayan an sa ta barci aka kasa zura mata bututun numfashi, aka kuma kasa ba ta iska yadda ya kamata. Ƙwararrun likitoci uku suka taru a kanta suna ta gwada zura bututun, iskar jininta tana ƙasa ƙwarai har kusan minti 20. Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo kayan huda maƙogwaro ta sanar, ba wanda ya tanka. Wata ta buga waya ta kama gado a ɗakin kulawa ta musamman, aka nuna mata kamar ta zaƙe, ta soke. Matar ta rasu bayan kwana 13 ba ta farfaɗo ba. Mijinta matuƙin jirgi ne, ya nemi a yi bincike irin na harkarsu, kuma bai nemi a kori kowa ba.

Likitocin nan ba jahilai ba ne, kuma ba mugaye ba ne. Duk wanda ya taɓa kasa zura bututu ya san yadda hankali ke ƙuntata: kana ganin maƙogwaro kawai, lokaci ya ɓace maka, kana ce wa ranka sau ɗaya ya rage. A wannan halin wanda ke tsaye a gefe ya fi ka ganin agogo. Amsar tana cikin ɗakin, a hannun matar da ke riƙe da tire.

Dakta Zainab:
Ranku ya daɗe, ku yi haƙuri in sa baki, ni ƙarama ce, ban daɗe da fara aiki ba. Ana ta ce mana mu yi magana. Amma ba a gaya mana abin da zai biyo baya. Wanda zan tsayar yau shi zai sa mini hannu a takardar kammala horo, shi zai zauna a jarrabawata. Na ga wata abokiyar aikina ta kira babba da dare kan yaron da numfashinsa ya canja, ya zo ya duba ya ga ba komai, washegari a zagayen safe ya mai da ta abin dariya gaban ɗalibai. Bayan wannan ba ita kaɗai ta daina kira ba, dukkanmu da muka tsaya a wurin sai da muka ƙara wa kanmu awa guda ta jira kafin mu ɗaga waya.

Sista Hauwa:
Zainab ƙanwata, kin faɗi abin da manya ba sa ji. Ba ranar da kika yi daidai ake gwada tsarin ba. Ranar da kika tsayar da aiki aka duba aka ga ba komai, ita ce ranar. In an ce miki "kin kyauta, gobe ma ki kira", akwai tsari. In an harare ki, duk allunan da aka manna a bango banza ne.

Dakta Kabir:
To amma ku duba ɗaya gefen. In kowa na da birki a hannunsa, yaushe za a yi tafiya? Akwai tiyatar da jinkirin minti biyar shi ne kisan. Kuma a ƙarshe sunana ne a fayil, ni za a kira gaban kwamiti, ba wanda ya ce a dakata ba.

Dakta Sa'idu:
Ba wanda ya ce a tsaya karanta takarda ana zubar da jini, yallaɓai. Amma tiyata nawa ce cikin goma take haka? Kuma akwai inda aka gwada ba wa ma'aikatan jinya birkin nan aka auna sakamako. Peter Pronovost da abokan aikinsa, a ɗakunan kulawa ta musamman 103 a jihar Mishigan, kan cutar da ke shiga jini ta bututun da ake zurawa a babbar jijiya. Matakan ba sabon ilimi ba ne: wanke hannu, rufe jiki da majinyaci da kayan da aka tsarkake, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kulohekzidin, guje wa jijiyar matsematsi, cire bututun da zarar ba a bukatarsa. Kowane likita ya san su. Sabon abu shi ne an tara kayan duka a keke ɗaya don kada a ce ba a samu ba, sannan shugabanni suka tsaya wa ma'aikaciyar jinya ta dakatar da likitan da ya tsallake mataki, in ba gaggawa ba ce. Rahoton ya fito a 2006: matsakaicin kamuwa ya faɗi daga 7.7 zuwa 1.4 a kowane kwana 1,000 na zaman bututu, kuma ya ɗore har wata 18.

Famasis Nura:
Ku ba ni dama in karkata akalar kaɗan, don kun tsaya kan magana da saurare, ni kuma nawa ganin shi ne duk abin da ya dogara da mutum ya tuna, ko ya yi ƙarfin hali, rauninsa na nan. Abin da ya fi ƙarfi shi ne a sa kuskuren ya zama ba ya yiwuwa.

Misali, ruwan fotasiyom mai kauri. Ƙaramar kwalba ce fara, kamarta ɗaya da ta ruwan haɗa allura. In aka tura shi a jijiya ba a sirka ba zuciya ce ke tsayawa. An yi shekaru ana gargaɗi, ana manna jar takarda, ana mutuwa. Da aka kwashe shi daga ɗakunan kwanciya gaba ɗaya, aka koma kawo wanda aka riga aka sirka a leda, sai matsalar ta ja baya. A Amurka an yi wannan kira a 1998, a Ingila a 2002.

Haka maganin kansa na binkiristin. A jijiya ake ba shi, in ya shiga ta laka kusan ba mai tsira. A 2001 a Notingham an yi wa wani saurayi ɗan shekara 18 wannan kuskure, ya rasu, kuma ba shi ne na farko ba a ƙasar. Mafita ita ce a daina zuba shi a sirinji, a sa shi a ƙaramar ledar ƙarin ruwa, don ba wanda zai ɗaura leda a allurar baya. Yanzu ma har bakin sirinjin laka an canja masa ƙira yadda ba zai shiga na jijiya ba.

Ni in aka kawo mini rahoton kuskure aka rubuta a ƙasa "an ja wa ma'aikaciya kunne, an sake horar da ita", na san ba a yi komai ba. Kwalaben nan biyu masu kama da juna suna nan a aljihun tebur ɗaya suna jiran ta gaba.

Sista Hauwa:
Malam Nura, na yarda da kai. Amma tunda an zo maganar rahoto, ku gaya mini me zan ce wa yarana in sun kawo mini labarin wata ma'aikaciyar jinya, RaDonda Vaught. A Disamba 2017 a asibitin Vanderbilt na Amurka ta je ɗauko maganin kwantar da hankali mai suna Versed daga akwatin magani mai kwamfuta. Ta buga V da E, bai fito ba, ta tsallake shingen na'urar, ta ɗauko wani mai farawa da haruffan nan, wanda ke shanye tsokoki har numfashi ya tsaya. Majinyaciyar ta rasu. Ita da bakinta ta faɗi abin da ta yi ba ta ɓoye ba. A 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, aka yanke mata shekara 3 ta zaman sa ido. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta ji wannan, me kuke zato ta koya?

Dakta Kabir:
A nan kam ba zan bi ku ba. Maganin da ta ɗauko gari ne sai an haɗa shi da ruwa, wanda aka aike ta kuwa ruwa ne. A kan murfin kwalbar an rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro. Ta yi allurar ta tafi ba ta tsaya ta ga yadda matar za ta kasance ba. In wannan ma tsari ne ya jawo, to babu sauran mai laifi a duniya. Iyalan mamaciyar fa?

Famasis Nura:
Duka biyun gaskiya ne, yallaɓai, kuma wannan ne wahalar. Ta tsallake alamu da yawa, ba musu. Amma a tambaya: me ya sa tsallake shingen na'urar ya zama ruwan dare a wurin har ba wanda ke jin komai in ya yi? Me ya sa haruffa biyu suka isa a fito da maganin da ke tsayar da numfashi? Bayan wannan lamari an shawarci asibitoci su sa sai an buga haruffa 5. Ƙwace lasisi wani abu ne, kotun laifi wani abu ne daban. Abin da ake nema shi ne a bambanta wanda hannunsa ya kuskure, da wanda ya bi gajeriyar hanyar da kowa ke bi a wurin, da wanda ya san haɗarin ya take da gangan. Na farko a tallafe shi, na biyu a gyara hanyar a kuma yi masa magana, na uku a hukunta shi. Kuma ma'aunin ya zama ɗaya ko majinyaci ya mutu ko ya tashi, ko nas ce ko farfesa.

Alhaji Tijjani:
Ni ɓangaren mulki nake, na san mu ne ake zagi a zuci. Tambayata ɗaya. Mun kafa akwatin rahoto a inda nake, sashe ɗaya ya cika shi, wani sashen ko ɗaya. Hukumar gudanarwa ta ce a binciki sashen da ke da yawa. Ni jikina bai ba ni ba.

Dakta Sa'idu:
Jikinka ya gaya maka gaskiya, Alhaji. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta ci karo da wannan a binciken da ta fitar a 1996: rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci da jituwa su suka fi yawan kuskuren magani a rubuce. Ba sun fi yi ba ne, sun fi faɗa. Sashen da ba ya kawo komai shi za ka je ka zauna a ciki. In kuka aika wa masu faɗa takardar tuhuma, wata mai zuwa akwatin zai zama fanko, hukumar ta yi murna.

Ka tuna asibitin Stafford na Ingila. Rahoton Robert Francis na 2013 ya nuna shugabanni sun duƙufa kan cika ma'aunai da daidaita kasafi, majinyata na kwance cikin ƙazantarsu, ma'aikata da iyalai na kuka ba mai ji.

Sista Hauwa:
Alhaji, ƙari a kan wannan: in mutum ya rubuta, ku dawo masa da amsa. Ko "mun gani, ba za mu iya gyarawa bana ba, ga dalili". Shirun ne ke kashe akwatin fiye da tsoro.

Sannan akwai abin da duk kuka zagaye. Jirgi ba ya tashi in ma'aikatansa ba su cika ba, ko Injiniya? Matuƙi yana da iyakar awannin da doka ta yarda ya yi. Ni in abokiyar aikina ba ta zo ba, ba a rufe ɗakin, nata gadajen ake ƙara mini. Ana cewa mutum biyu su tantance jini kafin a ɗaura. Ƙarfe uku na dare ina zan samo ta biyun? Linda Aiken ta auna wannan a asibitoci 168 na Pensilbaniya a 2002: kowane majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya, yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Aka maimaita a ƙasashen Turai 9 a 2014, aka sake samun kashi 7. A ba ni hannu tukuna, sannan a zo mini da jirgin ruwan yaƙi.

Injiniya Auwal:
Haka ne, Sista. Ba ya tashi. Ba ni da amsar wannan.

Hajiya Rabi:
Hauwa 'yata, kukanki gaskiya ne, kuma kada ki daina yin sa. Amma ni da na tsufa a ɗakin haihuwa ba zan ce a jira sai hannu ya cika ba, don matan ba sa jira.

Zubar jini bayan haihuwa da ido muke auna shi tun muna yara, kuma ido maƙaryaci ne. Jini ya jiƙe zanen gado, ya bi ƙasa, ya haɗu da ruwa, ki ce kaɗan ne. Kafin ki farga mace ta fara hamma tana cewa a ba ta ruwa, hannunta ya yi sanyi. Sannan a gwada wannan magani a jira, a gwada wancan a jira. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji a asibitoci 80 a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, mata sama da 200,000. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru inda za a karanta shi da lamba. Ya kai layi, ba sai an jira likita ba, ungozoma ta fara komai a tare: murza mahaifa, allurar oksitosin mai matse mahaifa, allurar tiranezamik mai tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba inda ya yage, da kiran na gaba in bai tsaya ba. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko buɗe ciki ko mutuwa saboda jinin, ya sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin 100. Waɗannan ba asibitocin masu kuɗi ba ne. An dai ba wa wadda ke tsaye a wurin ma'auni da izini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Ilham:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, jinya na yi ta ɗiyata mai sikila shekara da shekaru. Duk kuna maganar wa zai tsayar da wa a tsakaninku. Mu fa? Likita na ganin ta minti biyar, nas na leƙowa, ni ce nake zaune a gefen gadon dare da rana. Na san kukan ciwo, na san kukan da ba irin na kullum ba. In na faɗa sai a ce "Hajiya ki kwantar da hankalinki". Wata rana an zo da allura na ce wannan ba kalar ta jiya ba ce, nas ɗin ta tsaya ta koma ta duba, ta dawo ta ce kamfani ne ya canja kwalba, maganin ɗaya ne, ta nuna mini sunan. Ba ta ji haushi ba. Har yau ina yi mata addu'a.

Dakta Zainab:
Mama, a Ingila an mai da wannan ƙa'ida. Wata yarinya, Martha Mills, 'yar shekara 13, ta rasu a 2021 sakamakon cutar da ta shiga jininta a wani asibitin Landan, iyayenta na ta nuna damuwa ba a kai ta ɗakin kulawa ta musamman da wuri ba. Daga 2024 aka fara tsarin da majinyaci ko danginsa ko ma'aikaci za su iya kiran wata tawaga daban ta zo ta sake dubawa, ba sai wanda ke riƙe da majinyacin ya yarda ba.

Dakta Kabir:
Wannan na ƙarshen ina da ja a kai, don na san dangin da za su kira sau goma kafin asuba, amma a bar shi zuwa wani lokaci. Zainab, abin da aka yi wa abokiyarki a zagayen safe rashin tarbiyya ne, ba sai an je Kalifoniya ba kafin a san haka. A ɗakina in lissafin auduga bai cika ba, ba a rufe ciki, ko wa ya ƙirga. Wannan tun kafin a haifi takardar nake yin sa.

Sista Hauwa:
To ai shi ke nan, yallaɓai, kana yi ba ka sa masa suna ba. Matsalar ita ce ya dogara da kai. Ranar da kake hutu wanda ya karɓe ka fa?

Alhaji Tijjani:
Malam Nura, koma kan fotasiyom ɗin nan. In na ce a kwashe shi daga ɗakuna gobe, masu ɗakin kulawa ta musamman za su taso mini, kuma kantin maganinmu ba ya kwana a buɗe. Ya ake yi da dare?

Famasis Nura:
Kada ka kwashe gobe, Alhaji, in ba haka ba za su ɓoye shi a aljihun tebur, ka ga an koma baya. Fara da zagayawa da kanka, kai da mai kula da magunguna, ku ƙirga inda yake, har da kekunan gaggawa. Ku tabbatar akwai wanda aka riga aka sirka a leda, isasshe, kafin ku taɓa komai. Ɗakin kulawa ta musamman da wuraren da ba makawa sai da mai kaurin, a bar musu, amma a kabad daban mai makulli, nesa da ruwan haɗa allura, da littafin sa hannu. Sauran ɗakuna a kwashe. Na dare kuma sai kun zauna da masu aikin dare kun ji ta bakinsu, don ni ban san nisan ɗakunanku da juna ba, ban kuma san mutum nawa ke kwana ba. Turo mini jerin sassan ta akwatin saƙo in duba.

Sista Hauwa:
Kuma zaman ya zama ƙarfe bakwai na safe kafin su tafi gida, Alhaji, ba sha biyun rana da suke barci ba.